Allura ta Uku

Aikin Zenaba a asibitin nan na Garwa, ko 'yan unguwarsu ba su taɓa gane kansa ba. In ka tambaye su sai su ce hoto take ɗauka. Ba hoto take ɗauka ba. Mai ɗaukar hoto Agnès ce, a ɗaki na gaba. Ita Zenaba ruwan allurar da ke sa huhun mutum ya fito a hoton take haɗawa, a wani ɗaki marar taga mai ƙofar ƙarfe, wanda masu shara kan wuce da sauri suna toshe hanci, kamar ta hanci abin ke shiga.

A kusurwar ɗakin akwai wani tulu na darma, bai fi tukunyar miya girma ba, amma sai ƙarti biyu ke ɗaga shi. Daga ƙasar waje ake kawo shi, ya sauka Yawunde, ya hau jirgin Garwa duk mako biyu, in jirgin ya ga damar tashi. Ma'aikata saniya suke ce masa, don kowace safiya ake tatsarsa: a soka kwalbar ruwan gishiri ta sama, a soka wata wofi a gefe, ruwan ya ratsa cikin tulun ya fito ɗauke da wani ƙarfi da ido ba ya gani amma na'urar Agnès na gani. Sai dai saniyar nan tun daga ranar da aka ƙera ta take ramewa. Tatsar ranar farko ta ishi mutum ashirin, ta ƙarshen mako na biyu da ƙyar take isar uku. Shi kansa ruwan da aka tatso ba ya jiran kowa. Duk awa shida rabin ƙarfinsa ya tafi, ko an yi aiki da shi ko yana ajiye.

In hoton huhu za a yi, ruwan kaɗai bai isa ba. Sai an zuba shi a wata 'yar kwalba mai farin gari a gindinta, garin ya zama 'yan tsaki-tsaki, ƙarfin ya manne musu. Da an yi allurar, tsakin kan bi jini ya je ya maƙale a ƙananan jijiyoyin huhu na 'yan awoyi. Inda jini ke kaiwa ya fito da haske a hoto, inda wani abu ya tare hanya ya fito da duhu. Iyakar sirrin ke nan, kuma Zenaba ta iya shi kamar yadda ta iya tuƙa tuwo.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru tsakiyar Afrilu ce, lokacin da Garwa ke gasa mutanenta ba tausayi, Binuwai ta koma rairayi da 'yan kududdufai, ruwan madatsar Lagdo ya ja baya har wutar lantarki ta zama baƙuwa a gari. Saniya ta kwana goma sha uku. Kwalbar gari ɗaya tal ta rage a firiji, sababbi sai Talata, tare da sabuwar saniya. A kan tebur takardu uku ne, kowacce an rubuta mata "gaggawa" da jan biro. A asibitin nan babu takardar da ba ta gaggawa ba, har kalmar ta gaji da kanta.

Ta farko ta wani tsoho ce mai suna Raphaël, manomi daga duwatsun Poli, kwanansa biyu a gindin darbejiyar asibiti yana jiran ranarsa. Ta biyu ta Sidonie ce, mai sayar da gyaɗa a kasuwar Bibemi, wadda numfashi ke yi wa gardama tun da ta haihu. Ta ukun jiya da la'asar aka kawo ta daga ɗakin maza. Zenaba ta karanta sunan da ke kanta sau ɗaya, ta kife ta a kan tebur.

Tahir, shekara ashirin da bakwai, direban babbar mota tsakanin Ngawundere da Kuseri. Ɗanta ne na fari.

To, a Hausare, unguwar da aka haifi Zenaba ta kuma yi aure, ɗan fari ba na uwarsa ba ne a idon jama'a. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta tsaya masa in ana rabon abu. Ranar da aka yaye Tahir, Hadje, yayar marigayi mahaifinsa, ta goye shi ta tafi da shi gidanta, gida huɗu tsakani. Hadje yake kira Dada, wato uwa. Zenaba kuwa Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa, ita kuma in dole ta kama ta ambace shi sai ta ce "ɗan Hadje". 'Yan matan yanzu sun fara watsi da abin, suna rungumar 'ya'yansu na fari a bainar jama'a har da hoto a waya, amma Zenaba ba ta cikinsu. Ta yi karatu har Yawunde, ta dawo da takardun shaida da Faransanci cikin baki, kunyarta kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba. Da ita ake misali a unguwa, kuma in za a faɗi gaskiya tana jin daɗin misalin. Ba wai ba ta son yaron ba ne. Tana son sa fiye da ƙannensa uku mata in an haɗa su, don son da ba a furtawa ba ya ragewa. Duk ranar da ta san motarsa za ta hau gadar Binuwai, kunnenta na can.

Wannan karon ya sauko daga Kuseri bayan kwana uku a kan kujera, ƙafar hagu a kumbure, ya ce gajiya ce. Shekaranjiya ya yi tari ya ga jini. Likitan ɗakin maza, Doktor Antoine, mutumin kudu da bai daɗe a Garwa ba, yana zargin gudan jini ne ya taso daga ƙafar ya toshe huhu. In haka ne, akwai maganin tsinka jini. Amma in jinin tarin daga miki yake fitowa, irin na tarin fuka, to maganin nan buɗe masa hanya zai yi. Sikana, wata na'urar hoto ta daban mai nata ruwan allura, ita ce za ta raba gardama, ita kuma ƙodar Tahir ba za ta ɗauki ruwanta ba, shekara da shekaru yana haɗiyar ƙwayoyin ciwon baya na bakin tasha. Saura hoton huhu, kuma sai likita ya gan shi zai san abin yi. A ƙasan takardar ya ƙara da cewa zuciyar yaron da ƙyar take tura jini, a rage masa yawan tsakin, kada a ƙara toshe abin da ya riga ya toshe. Bai san ɗan wa yake rubutu a kai ba. Wa zai gaya masa?

Zenaba ta sa safar hannu, ta tsaya bayan gilashin darma, ta tatsi saniya. Ta jefa kwalbar cikin ma'auni, lamba ta fito, ta yi lissafi a bayan takarda. Ya isa mutum uku, in an yi su a jere ba tsayawa. Ta ɗauko kwalbar garin ta ƙarshe, ta zuba ruwan a hankali ta jikin gilashi don kada ya yi kumfa, ta juya ta sau biyar cikin gidanta na darma, ta ajiye ta kama. A jikinta ta rubuta lokaci: takwas saura kwata. Awa takwas kwalbar ke da ita a duniya daga lokacin da aka jiƙa ta, bayan nan shara ce.

Kafin garin ya gama kamawa ta leƙa baranda. Raphaël na zaune a benci, malfarsa a gwiwa. Sidonie na fifita da bakin zani. Tahir na kan keken marasa lafiya, Hadje a gefensa da carbi, ga kuma mata biyu na unguwa da suka zo dubiya da kwanon kunu. Zenaba ta rusuna ta gaida Hadje, ta gaida matan, ta gaida tsoho.

"Ina kwana, Adda," in ji Tahir. Kalma uku, amma sai da ya huta a tsakani.

"Lafiya lau. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Bango take kallo, amma ta gan shi sarai. Leɓensa ya yi toka-toka, ƙofofin hancinsa na buɗewa suna rufewa, kafaɗunsa na taya shi jan iska. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma idon da ya shekara ashirin a asibiti ba ya buƙatar jan biro ya gaya masa wa ya fi jin jiki a barandar nan. Ta sani. Kada wani ya ce daga baya ba ta sani ba.

Agnès ta biyo ta ciki ta tura ƙofa. 'Yar Gider ce, Kirista, ƙawar Zenaba ta shekara goma, kuma ita kaɗai a asibitin ta san alaƙar.

"Zenaba, mu fara da naki."

"Nawa wa?"

"Kar ki yi mini wannan yau. Kin ga bakinsa? Jiya ƙarfe goma aka ɗauke wutar kuran, shekaranjiya tara da rabi."

"Tsohon nan kwanansa biyu a waje."

"Tsohon nan shekararsa biyu da tarinsa, awa ɗaya ba za ta kashe shi ba."

Zenaba ta ci gaba da jera sirinji a faranti kamar ba da ita ake ba. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Hadje na zaune, matan unguwa na zaune. In fito in tsallake mai furfura, in tsallake baƙuwa, in kira wanda na haifa? Da wane ido zan shiga Hausare?"

"Bon. Ni sai in kira shi."

"In ke kika kira, ni na kira. Kowa ya san ni ke jera allura. Minti arba'in-arba'in ne, Agnès. Kafin goma mun gama."

Agnès ta yi tsaki ta fita. A baranda ta tsaya da takardu a hannu tana duban Tahir, har ta buɗe baki, sai shi ya riga ta. Ya nuna tsohon da haɓa ya ce, "Madam, a fara da Baba." Hadje ta gyaɗa kai, alamar tarbiyyarta ba ta faɗi ƙasa ba. Raphaël ya miƙe yana ta godiya da Hausarsa ta kasuwa, ya bi Agnès ciki.

Aikin ya tafi daidai, abin haushi. Zenaba ta zuƙi allurar farko, ta auna, ta girgiza ta a hankali don tsakin kan kwanta a gindi, aka yi wa tsoho yana kwance yana jan numfashi. Huhunsa ya fito a allo fari tas, dama da hagu, ba tabo. Ciwonsa wani ne daban. Tara da 'yan mintuna Sidonie ta hau gado. Zenaba ta koma ta zuƙi allura ta uku, 'yar kaɗan, kamar yadda likita ya ce. A kan ta farko da ta biyu suna ta rubuta. A kan wannan lamba ta rubuta, uku, ta sa ta a kwasfar darma ta rufe. Tana jin Agnès na ce wa Sidonie saura hoto ɗaya, kada ta motsa. Hoton na fita, fanka ta yi wani kuka ta tsaya, ɗakin ya yi duhu.

Goma saura minti ashirin.

Asibitin na da injin wuta, amma injin na ɗakin tiyata ne da ɗakin haihuwa. Na'urar Agnès ba ta cikin 'yan gata. Aka buɗe ƙofar ƙarfe don haske ya shigo, zafi ya riga hasken. Agnès ba ta ce "na gaya miki" ba, kuma da ta faɗa da ya fi wa Zenaba sauƙi. Raphaël ya ɗauki malfarsa ya nufi tashar Poli. Sidonie ta tafi da takardarta. Aka ce Tahir ya jira a baranda, don wuta na iya dawowa kowane lokaci, ɗakin maza kuwa da nisa.

Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi. Ma'auni ma sai da wuta, amma Zenaba ba ta buƙatarsa. Lissafin na kanta yana tafiya shi kaɗai. Ta zauna a kujera tana kallon kwasfar darma, ta san abin da ke ciki na raguwa, kuma babu murfin da zai tare shi. Matan unguwa suka gaji suka tafi ɗora girki. Ƙarfe biyu saura, daidai lokacin da rabin ƙarfin ya tafi, Hadje ta ɗauki buta ta nufi bayan ɗakin awo don yin azahar.

Sai ga baranda ba kowa sai su biyu. Zenaba ta daɗe a bakin ƙofa, sannan ta ɗebo ruwa a kofi ta kai wa Tahir. Ya kurɓa. Ta ɗauki wata tsohuwar takarda mai kauri ta shiga yi masa fifita, tana tsaye a bayan keken inda ba zai ga fuskarta ba. Gumi ya jiƙe masa ƙeya. Akwai wani ɗan tabo a bayan kunnensa, na ranar da ya faɗo daga kan katangar Hadje yana shekara biyar. Ranar ta ji kukansa daga gidanta, ta tsaya a soro ba ta fita ba.

"Adda."

"Na'am."

"Kar ki damu. Kuran ne... ba ke ba ce."

Ta ci gaba da fifita.

"Na kawo miki kifi... busasshe, daga Kuseri. Irin manyan nan." Ya huta. "Yana gidan Dada tun wancan zuwan. Ban san... yadda zan ba ki ba."

"Ka daina magana, kana ɓata numfashi."

Ya yi 'yar dariya, ta koma tari, ya tofa a tsumma ya dunƙule da sauri don kada ta gani. Ta gani. Hannunta na hagu ya tashi da kansa ya nufi goshinsa, saura kaɗan ya sauka, sai ga ƙarar silifas ɗin Hadje a kan siminti. Ta janye hannun, ta ajiye takardar fifitar a cinyarsa, ta koma ɗakinta mai duhu. A nan ta tsuguna a bayan firiji ta cusa bakin mayafi a baki ta yi kuka, kukan tsoro, don ta fara gane abin da ta yi.

Huɗu da minti ashirin wuta ta dawo. A ɗakunan marasa lafiya har da tafi. Na'urar hoto kuwa ba fitila ba ce da za a kunna ta kama. In ta mutu haka sai ta yi kusan awa tana daidaita kanta. Biyar ta wuce kafin Agnès ta leƙo ta ce ta shirya. Zenaba ta jefa allura ta uku a ma'auni. Kashi ɗaya cikin uku ya rage na ƙarfin safe. Da wannan, abin da zai fito a allo hazo ne kawai, ba likitan da zai karanta shi ya rantse. Kwalbar garin ma lokacinta ya cika tun huɗu saura kwata.

Ta sake tatsar saniya, ta ɗan kawo sabon ruwa, don takan tara kaɗan in an bar ta ta huta. Amma ruwa ba gari ba ya zama a huhu. Ta buɗe firiji, ta san babu, ta rufe, ta sake buɗewa ta ɗaga kwali ta duba ƙarƙashinsa. Daga nan ta ɗauki sabon sirinji ta zuƙe duk abin da ya rage a tsohuwar kwalba, ta haɗa da allura ta uku, ta auna. Lambar ta kusa isa. Sai dai ƙarfi ne ya ragu da awoyi, tsaki bai ragu ba ko ɗaya. Abin da ke hannunta yanzu ya ninka na safe uku, tsaki uku a madadin ɗaya, ga shi ya tsufa ya fara curewa, za a tura shi cikin huhun da likita ya ce a tausaya masa.

Agnès ta shigo ta same ta tsaye da allurar a hannu. Ta dubi sirinjin, ta dubi kwalbar da aka ƙwalƙwale, ta kama mata wuyan hannu.

"Me za ki yi da wannan?"

"Wataƙila ya ɗauka. Yaro ne, yana da ƙarfi."

"Zenaba, dube ni. In kin yi masa wannan, da hannunki za ki kashe shi a kan gadona. Ajiye."

Sannan Zenaba ta ɗaga murfin kwandon darma ta saki allurar ciki.

Doktor Antoine ya zo da kansa neman hoto, ya tarar babu. Mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya ɗaga murya. Ya ce mutum biyu da ke tafiya da ƙafarsu an yi musu, wanda aka turo a keke an bar shi, wane irin tsari ne wannan? Zenaba ta sunkuyar da kai. Agnès ce ta ce, "Doktor, ɗanta ne."

Ya dubi Agnès, ya dubi Zenaba, ya cire tabarau. "Ɗanki? Na cikinki? To ai..." Bai ƙarasa ba. A garinsu, uwa ƙofa za ta ɓalla ta shigar da nata, ya rasa ta inda zai kamo zancen. Da ya sake magana a hankali ya yi ta. Ya ce ba hoto, shi makaho ne tsakanin rami biyu. Zai jira sakamakon kakin da aka kai ɗakin awo, gobe da safe zai fito, in ba tarin fuka ba ne zai sa maganin ya bar wa Allah sauran.

Juma'a ƙarfe goma sakamako ya fito, ba tarin fuka ba ne. Goma da rabi aka rataya maganin tsinka jini. Sha ɗaya da 'yan mintuna Tahir ya ce zai yi alwala, ya sauko da ƙafa ɗaya daga gado, ya kira Dada, ya kife. Kafin a je ɗaki mai ƙofar ƙarfe a kira Zenaba, an riga an ja zani. Bayan sallar Juma'a aka kai shi. Likitan ya neme ta ya ce mata gudan babba ne, ko da an fara maganin tun safiyar Alhamis ba lallai ya tsira ba. Ta yi masa godiya. "Ba lallai ba" magana ce mai ƙofa biyu, ita kuwa mai lissafi ce: awa ashirin da biyar na magani ta hana shi, ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar sadakar uku da hantsi gidan Hadje ya cika. Hadje ce a tsakiyar tabarma, ita ake yi wa gaisuwa, ita ke kuka ana ba ta haƙuri, kuma haƙƙinta ne, ita ta goya ta raina. Zenaba na bakin madafa tana zuba kunu a kofuna tana miƙawa. Mai shigowa kan ce mata "ya haƙuri" a taƙaice ta wuce, maƙwabta Fulani su ce "sey munyal", wato sai haƙuri, su wuce. Idonta a bushe yake, yadda ake so a ga na uwar ɗan fari.

Cikin hira sai ɗaya daga matan nan biyu da suka je dubiya ta gyara zama ta ce, "Ni fa ina wurin, da idona na gani. Allurar a hannunta take, ita ke da iko. Ta fara da wani tsoho baƙo daga Poli, ta bi da wata 'yar Bibemi, nata ta ajiye shi ƙarshe. Wallahi ko kallonsa ba ta yi ba."

"Allahu akbar," in ji wata tsohuwa. "Irin matan da ke nan. Ina 'yan matan yanzu su zo su ji?"

"Ba ta ba mu kunya ba," in ji Hadje cikin kuka. "Kwana ne ya ƙare, amma Zenaba ba ta taɓa ba mu kunya ba."

Zenaba ta ajiye ludayi. Ba ta yi niyyar magana ba, maganar ce ta fito da kanta, da wata murya da ba ta san tana da ita ba.

"Don Allah ku bari. Na ga leɓensa tun kafin takwas. Na san duk wurin shi ya fi kowa ciwo. Da ɗan wata ne, wallahi da shi zan fara."

Zenaba ta tsaya tana jira wata ta gane, ta zage ta ko ta tashi ta kwaɗa mata mari, da ta ji sanyi a ranta. Sai Hadje ta share hawaye da bakin mayafi, ta juya ga matan.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku."

Matan suka gyaɗa kai suna sa wa Zenaba albarka. Wata daga gefe ta miƙo kofi a ƙara mata kunu, Zenaba ta karɓa ta zuba.